Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Koya wa Ƙananan Yara Siffofi Masu Gefe Huɗu?

Tambaya:

Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati, ina koyar da lissafi a aji biyu da aji uku. Mun kai kan darasin siffofi, kuma abin ya ɗaure mini kai. Idan na zana murabba'i a allo, yara duka sai su faɗi sunansa da ƙarfi. Amma idan na yanko shi a kwali na karkata shi ya tsaya a kan kusurwarsa, sai su ce ai wannan daimon ne. Haka ma alwatika, in ta yi siriri ko ta kife, sai su ce ba ita ba ce. Sannan littafin malami ya ce murabba'i ma mustaɗili ne, wato rektangul, alhali mu an koya mana cewa rektangul gefe biyu dogaye ne, biyu gajeru. Wanne ne daidai? Kuma yaya zan koyar da siffofi masu gefe da yawa da masu gefe huɗu ga yara sama da saba'in, ba ni da komai sai alli da allo?

Daga wata malama, Zariya.

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri. Tambayarki ta nuna kina kallon yaran nan da idon basira, domin sau da yawa da zarar aji ya amsa da murya ɗaya sai malami ya ɗauka darasi ya shiga, ya wuce gaba. Ke kuwa kin karkata kwali, kin gano inda gizo ke saƙar. Ki kwantar da hankalinki, yaranki lafiyarsu ƙalau. Abin da suka yi, shi yara ke yi a ko'ina idan suna wannan mataki. Amsata a dunƙule ita ce: hannu da ido su fara aiki, baki ya faɗi dalili, suna kuma ya zo daga ƙarshe. Bari mu warware ta dalla-dalla.

A shekarar 1957 wasu malaman lissafi biyu 'yan ƙasar Holan, mata da miji, Dina van Hiele-Geldof da Pierre van Hiele, suka gabatar da bincikensu na digirin digirgir a Jami'ar Utrecht. Damuwarsu irin taki ce: ɗalibai suna haddacewa, amma fahimta ba ta zama. Suka nuna cewa fahimtar siffofi hawa-hawa take, mataki biyar, kuma uku na farko su ne suka shafi firamare. A mataki na farko yaro yana gane siffa ne da kamanninta gaba ɗaya. In kin tambaye shi me ya sa wannan mustaɗili ne, sai ya ce don ya yi kama da ƙofa. A mataki na biyu sai ya soma lura da alamomi: gefe nawa ne, kusurwa nawa ce, wane gefe ya yi daidai da wane. A mataki na uku ne yake ganin dangantaka tsakanin siffofin, har ya yarda cewa siffa ɗaya tana iya amsa suna biyu. Abu mafi muhimmanci da suka faɗa shi ne, ba yawan shekaru ke ɗaga yaro daga wannan mataki zuwa wancan ba, irin koyarwar da ya samu ce, kuma ba a tsallake mataki. Yaranki suna kan na farko. Jimlar da ke cikin littafin malami kuwa ta mataki na uku ce. Aikinki a aji biyu da aji uku shi ne ki raka su zuwa mataki na biyu su zauna da gindinsu.

Me ya sa suka ce daimon? Ki buɗe kowane littafin yara ki duba. Murabba'i kullum a zaune yake daram a kan gefensa, alwatika kullum gefenta uku daidai, tsininta yana kallon sama, mustaɗili kullum a kwance. Yaron da bai taɓa ganin wani zama ba, dole ya ɗauka zaman ma yana cikin sharaɗi. Maganin abin shi ne ya ga siffar tana motsi a gaban idonsa.

Ki yanko murabba'i babba a kwalin sabulu ko na biskit. Ki riƙe shi a zaune ki tambaya, za su ce murabba'i. Sai ki ce, "Zan juya shi a hankali. Duk wanda ya ga lokacin da ya daina zama murabba'i, ya ɗaga hannu." Ki soma juyawa sannu sannu. Za ki ga hannuwa sun tashi daidai lokacin da kusurwa ta kalli ƙasa. Kada ki ce sun yi kuskure. Ki kira ɗaya, ki ce, "Zo nan, 'yata. Na yanke wani abu a jikinsa?" Za ta ce a'a. "Na ƙara masa wani abu?" Za ta ce a'a. "To, karkata kanki gefe ki sake kallonsa." Da ta karkata kai za ta ga ya koma zaune. Sai ki ba ta tsinken tsintsiya, ta karya shi daidai tsawon gefe ɗaya, ta ɗora a kan sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, aji yana kallo. A nan ne jimlar da kike nema za ta fito daga bakinsu: gefensa huɗu, duka daidai, ko yaya aka juya shi. Gani ya kori ji.

Haka za ki yi da alwatika. Ki yanko masu kiba da sirara, dogaye da gajeru, masu kusurwa a tsaye da masu kusurwa a buɗe. Misali mai kyau yana jikin iyayensu maza ranar Juma'a: aikin aska biyu ko aska takwas da ke gaban babbar riga, dogayen alwatika ne sirara, tsininsu yana kallon ƙasa. Yaron da ya ƙirga gefen askar nan ya samu uku, ba zai ƙara cewa alwatika sai ta zauna ba.

Yanzu mu zo ga siffa mai gefe da yawa, wadda littafin Turanci ke kira foligon. Sharuɗɗanta kaɗan ne: a shimfiɗe take, gefenta duka miƙaƙƙu ne, a rufe take ba kafa, kuma gefunan ba sa gittawa juna. Kada ki rubuta waɗannan a allo a ranar farko. Ki fita da yaran fili, ki zana manyan siffofi a ƙasa da sanda ko da toka, wasu a rufe, wasu kin bar musu kafa. Ki tsayar da yaro a ciki ki ce, "Ɗana, za ka iya fita ba ka tsallake layi ba?" In ya iya, siffar ba a rufe take ba. Sannan ki sa wani ya taka layin yana zagayawa, duk inda ya yi kwana aji su tafa su ƙirga. Kowane tafi kusurwa ce, kowace tafiya tsakanin tafi biyu gefe ne. Bayan siffa uku ko huɗu wani zai lura cewa yawan gefe da yawan kusurwa kullum ɗaya ne. Ki bari shi ya faɗa, ki sa a tafa masa. Da suka hau da'ira kuwa, za su zagaye ta kaf ba a yi tafi ko ɗaya ba, su fahimci dalilin da ya sa ba ta cikin wannan dangi.

Idan kun koma aji, akwai wasan tsibi biyu. Ki riƙe sharaɗi a zuciyarki, ki riƙa ɗaukar siffofi kina ajiye wasu dama wasu hagu, ba ki ce komai ba. Bayan kin ajiye shida ko bakwai, ki ɗaga ta gaba ki ce, "Wannan ina za ta? Me ya sa?" Abin da ke sa wasan nan armashi shi ne siffofin da suka kusa cika sharaɗi amma ba su cika ba: faifai, jinjirin wata, siffa mai gefe uku miƙaƙƙu da ɗaya lanƙwasasshe, allon karatu wanda ƙasansa ya lanƙwasa. Ki haɗa da waɗanda suka cika sharaɗi amma ido bai saba da su ba. Harafin L idan aka yanko shi da kauri gefensa shida. Tauraro mai tsini biyar gefensa goma. Kan kibiya mai loɓawa ciki ta baya gefensa huɗu, don haka shi ma mai gefe huɗu ne cikakke. Yaro yana koyon iyakar abu ne idan ya ga abin da ke ciki da abin da ke waje.

Akwai wani ruɗani da ya kamata ki tare tun wuri. Yara sukan kira akwatin ashana mustaɗili, su kira dunƙulen magi murabba'i. Waɗannan abubuwa ne masu jiki, suna da tsawo da faɗi da kauri. Fuskarsu ce mustaɗili ko murabba'i. Ki jiƙa yashi kaɗan, yaro ya danna akwatin ashana a kai ya ɗaga, ya ga shaidar da ya bari. Ya juya shi ta wani gefen ya sake dannawa, ya ga wani mustaɗilin siriri. Gwangwanin madara kuma ya bar da'ira. Shaidar da ke kan yashi ita ce siffar da kuke karatu.

Sunaye kuma ki fara da na ƙirga, domin su ba sa buƙatar hadda: mai gefe uku, mai gefe huɗu, mai gefe biyar, mai gefe shida, mai gefe takwas. Daga baya ki ɗora musu fentagon da heksagon da oktagon, tunda da su za su gamu a jarrabawa. Kowanne ki haɗa shi da abin da suka sani. Ƙwallon ƙafa baƙi da fari da ake zanawa a littattafai, wanda ya yi suna tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meksiko, an ɗinka shi ne da fata 32: baƙaƙe 12 masu gefe biyar, farare 20 masu gefe shida. Ki kawo tsohuwar ƙwallo irin wannan aji, ki ga yadda yara maza za su yi rububin ƙirgawa. Saƙar zuma ramukanta masu gefe shida ne. Jan allon hanya mai umartar direba ya tsaya gefensa takwas. Ginin Ƙubbatus Sakhra da ke birnin Ƙudus, wanda aka kammala wajen shekarar 691 a zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, shi ma bangonsa gefe takwas ne, kuma hotonsa yana jikin kalanda a gidaje da yawa.

To, sai masu gefe huɗu, inda tambayarki ta fi nauyi. Duk siffar da yaro ya ɗauka, ki saba masa da tambaya uku. Gefunan daidai suke? Kusurwoyin a tsaye suke? Akwai gefe biyu masu tafiya tare ba su haɗuwa? Kowace tambaya tana da abin gwajinta. Tsinke yana amsa ta farko. Ta biyu kuwa, ki ba kowane yaro guntun takarda, ko yagaggiya ce. Ya ninka ta sau ɗaya, ya danne. Ya sake ninkawa yadda layin ninkin zai hau kansa. Kusurwar da ta fito tsayayyiya ce, digiri 90 cif, kuma ba a kashe ko sisi ba. Ki sake su su yi farautar irinta: kusurwar littafi, ƙofa, taga, bulo, tayil, takardar naira, allon aji. Za su dawo da labari, har da na inda suka tarar kusurwar ba ta cika ba. Ta uku kuma, layukan littafin rubutu da ƙarfen dogo sun isa misali: tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Abin da ya fi komai buɗe ido shi ne siffa mai motsi. Ki samo sillen kara guda huɗu masu tsawo ɗaya, ko ki yanka kwali sirara-sirara, ki haɗa bakinsu da zare ko siririyar ƙusa yadda za su iya juyawa. Ki tsayar da shi murabba'i. Sai ki tura kusurwa ɗaya a hankali, ya kishingiɗa. Ki tambaya: me ya canza, me bai canza ba? Gefunan suna nan yadda suke, kusurwoyin ne suka sauya, biyu sun tsuke, biyu sun buɗe. Wannan shi ne rombus, daimon ɗin gaskiya. Yanzu yaran sun ga bambancin juyawa da kishingiɗawa: juyawa ba ta taɓa kusurwa, kishingiɗawa ita ke ɓata ta. Ki sake yi da kara biyu dogaye, biyu gajeru: mustaɗili ya kishingiɗa ya zama faralelogiram. Sannan ki haɗa kara uku kawai ki ba yaro mafi ƙarfi a aji ya tura. Ba zai motsa ba sai dai ya karye. Ki ɗaura kara na biyar ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kishiyarta, shi ma ya kafe, domin ya zama alwatika biyu. Daga ranar za su riƙa nuna miki alwatika a katakon rufin kwano, a ƙyauren da mai walda ya gindaya wa ƙarfe, da dogayen turakun ƙarfe na wutar lantarki.

Idan sun sha wannan aiki, dangin za su jeru da kansu. Mai gefe huɗu kowane iri ne, matuƙar gefen huɗu ne miƙaƙƙu a rufe. Tirafiziyom yana da gefe biyu masu tafiya tare, irin siffar bokiti idan aka kalle shi daga gefe. Faralelogiram kowane gefe yana tafiya tare da na gabansa. Mustaɗili kusurwoyinsa huɗu duka a tsaye. Rombus gefensa huɗu duka daidai. Murabba'i kuwa ya haɗa biyun: kusurwa huɗu a tsaye, gefe huɗu daidai.

Daga nan amsar tambayarki ta bayyana. Littafin malami ya yi daidai. Sharaɗin mustaɗili shi ne gefe huɗu da kusurwa huɗu tsayayyu, bai ce dole wani gefe ya fi wani tsawo ba. Murabba'i ya cika wannan sharaɗi, har ya ƙara da nasa. Abin da aka koya muku a da ma yana da asali. Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariya ta ƙasar Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a littafinsa da aka yi ƙarnoni ana karantarwa, ya ware murabba'i daban, ya ware mai kusurwa a tsaye wanda gefensa ba daidai ba daban. Masana lissafi na baya suka ga ya fi sauƙi a shigar da ƙarami cikin babba, domin duk abin da aka tabbatar a kan mustaɗili, kamar cewa girman filinsa shi ne tsawo sau faɗi, ya hau kan murabba'i ba sai an sake wahala ba. Ga yara kuwa, ki ce musu: duk mutumin Zariya ɗan jihar Kaduna ne, amma ba duk ɗan jihar Kaduna ne mutumin Zariya ba. Duk murabba'i mustaɗili ne, amma ba duk mustaɗili ne murabba'i ba. Ki zana babban zobe a ƙasa su zuba duk masu kusurwa huɗu a tsaye a ciki, sannan ki zana ƙaramin zobe a cikin babban su tura masu gefe daidai. Ɗan aji biyu ba lalle ya kama wannan nan take ba, kuma kada ki matsa masa. Abin da nake roƙonki kawai, ki daina furta "biyu dogaye, biyu gajeru" a matsayin sharaɗi. Abin da aka dasa a kan yaro da waƙa yana da wuyar tumɓukewa, kuma malamin sakandare ne zai sha fama da shi.

Domin su san abin nan ba na allo kaɗai ba ne, ki ba su labarin magini, ko ma ki kai su su gani idan ana gini kusa da makaranta. Ranar fitar da harsashin ɗaki, magini yakan kafa fegi huɗu ya zagaye su da igiya. Ya auna tsawo, ƙafa 12 nan, 12 can. Ya auna faɗi, ƙafa 9 nan, 9 can. Duk da haka ba zai ce a soma haƙa ba, domin ya san igiyar tana iya kishingiɗa yadda karanku ya yi. Sai ya ba yaronsa bakin tef ya riƙe a fegi ɗaya, shi kuma ya ja zuwa fegin da ke kishiyarsa, sannan su sake ja ta ɗaya ɓangaren. In duka biyun suka ba da ƙafa 15, ɗaki ya tsaya daidai. In ɗaya ya ɗara ɗaya, sai ya tumɓuke fegi ya gyara, don ya san ranar sa tayil da ɗora rufi asiri zai tonu. Wannan awo na 9 da 12 da 15, shi ne 3 da 4 da 5 da aka ninka sau uku, dabarar da magina ke tsayar da kusurwa da ita. 'Yan aji uku za su iya yin haka a filin makaranta da igiya da duwatsu huɗu. Yaron da mahaifinsa magini ne ko kafinta ko tela zai koma gida ya tarar ashe abin da babansa ke yi kullum lissafi ne.

Batun yawan yara da rashin kayan aiki kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki sa kowane yaro ya zo da kwali ɗaya daga gida. Ki nemi 'yan aji shida su taya ki yankewa a lokacin tara. Ki raba ajin rukuni-rukuni, yara shida ko bakwai, kowane rukuni da ledarsa ta siffofi da shugabansa mai kula da ita. Ledar nan za ta yi miki shekara. Idan hali ya yi, kafinta zai buga miki allon ƙusoshi: katako murabba'i, ƙusa 25 a jere biyar-biyar, yara su riƙa ɗaura roba suna fitar da siffofi. Caleb Gattegno, malamin lissafi haifaffen Iskandariya, shi ya yaɗa wannan allo a shekarun 1950, kuma har yau ana amfani da shi a makarantun duniya. In babu, a tona gurabu a ƙasa a jere irin na dara, ko a ɗiga ɗigo a littafin rubutu. Aikin da za ki ba su ya zama mai amsa da yawa: "Kowane rukuni ya fitar da mai gefe huɗu wanda babu rukunin da ya yi irinsa." Irin wannan aiki yana riƙe aji mai yawa fiye da tsawa, domin mai sauri da mai nawa kowa yana da abin yi.

Yanka da haɗawa ma makaranta ce. Akwai wasan tangiram da ya fito daga ƙasar Sin: murabba'i ɗaya ake yankawa gida bakwai, alwatika biyar, ƙaramin murabba'i ɗaya, faralelogiram ɗaya, a riƙa haɗa su ana fitar da tsuntsu ko jirgi ko gida. Akwai kuma wanda ya fi shi sauƙi. Abul Wafa al-Buzjani, masanin lissafi da aka haifa a shekarar 940 ya yi rayuwarsa a Bagadaza, ya rubuta littafi musamman domin masu sana'ar hannu, a ciki ya nuna yadda ake yanka murabba'ai a haɗa su su zama babba guda. Ki ba rukuni murabba'i biyu masu girma ɗaya, su yanka kowanne daga kusurwa zuwa kishiyarta, su sami alwatika huɗu. Ki ce su haɗa su duka su zama murabba'i ɗaya. Za su ɗan sha wuya, ki ƙyale su. Sa'ad da suka gane cewa tsayayyun kusurwoyin huɗu ne za su haɗu a tsakiya, ihun murnar da za su yi zai gaya miki darasi ya shiga.

Wasu abubuwa kuma ki ajiye su sai gaba. Jimlar kusurwoyi, wato digiri 180 a alwatika da 360 a mai gefe huɗu, aikin aji biyar da shida ne. Ko a can ma da hannu ake farawa: a yage kusurwoyi huɗu na kowane mai gefe huɗu, a haɗa tsininsu wuri ɗaya, a ga sun zagaye sun rufe ba gibi. A nan ne kuma za su fahimci dalilin da ya sa, cikin siffofi masu gefe daidai da kusurwa daidai, uku ne kawai ke shimfiɗuwa su rufe daɓe su kaɗai: alwatika, murabba'i da mai gefe shida. Kusurwoyinsu 60 da 90 da 120 suna raba 360 ba saura, na mai gefe biyar kuwa 108 ne, dole ya bar gibi. Ƙananan yara za su iya jera kwalayen su ga gibin da idonsu, lissafinsa ya jira lokacinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da harshe, ki bar su su yi bayani da Hausa yadda bakinsu ya iya. Yaron da ya ce "wannan kusurwar ta tsuke, waccan ta wage" ya yi lissafi na gaske. Sunan Turanci ki ɗora shi a kan abin da ya riga ya fahimta, ki rubuta shi a jikin kwalin, su riƙa gani kullum.

Daga ƙarshe, ki sauya yadda kike gwada su. Tambayar "mene ne sunan wannan?" hadda kawai take aunawa. Ki riƙa cewa, "Yaya aka yi ka sani?" Ki sa siffa a cikin jaka, yaro ya zura hannu bai gani ba, ya bayyana wa aji abin da yatsunsa suka ji, su kuma su canka. Ki ce, "Ina da gefe huɗu duka daidai, amma ba ni da kusurwa a tsaye ko ɗaya, wane ne ni?" Ki zana siffa mai kafa ki ce mai gefe huɗu ce, ki ga wa zai yi miki gardama, kuma wanda ya yi gardamar da hujja ki yaba masa a gaban kowa. Ranar da kika ji yaro yana ce wa ɗan'uwansa "a'a, auna ka gani," to ya hau mataki na biyu, kuma abin da ya koya ya wuce siffofi: ya koyi neman hujja kafin ya yarda, wanda shi ne ginshiƙin duk lissafin da zai yi nan gaba.

Allah Ya ƙara miki haƙuri da basira, Malama, Ya sa wa yaran albarka, Ya amfanar da al'umma da su.